Rezin na Bismaleimid da Hanyoyin Gyara Shi

Bismaleimid, wanda masana'antu ke taƙaitawa da BMI, nau'in rezin ne na polima da ake jiƙa zaren kabon ko zaren gilashi da shi domin ƙera sassan da za su yi aiki cikin zafi mai tsanani. Yana cikin robobin da idan aka gasa su suka daskare, ba sa sake narkewa. Epoksi, wanda aka fi sani a wannan fanni, yakan fara laushi kafin zafi ya kai digiri 200 a ma'aunin Selshiyos. BMI kuwa yana riƙe ƙarfinsa har kusan digiri 230, shi ya sa yake da gurbi a jiragen yaƙi irin su F-22 na Amurka.

Ana haɗa shi ne daga maleik anhaidraid da wani sinadari mai amin biyu, galibi metilin dayanilin, wanda ake taƙaitawa da MDA. Ƙarfin BMI na fitowa daga zobban kabon masu tauri da kuma yadda sarƙoƙinsa ke sarƙewa da juna ƙut da ƙut lokacin gashi. Matsalarsa ma daga nan take. Saƙar da ta matse haka ba ta da wurin motsi, don haka zallan BMI yana da gautsi, duka kaɗan sai ya tsage. Ga wahalar sarrafawa: garinsa ba ya narkewa sai wajen digiri 155, kuma da narkewarsa ba jimawa ya fara daskarewa, kafin ya gama ratsa zaren. Kusan ba a amfani da shi zalla.

Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ne ya fara kai shi kasuwa da sunan Kerimid 601 a ƙarshen shekarun 1960. Dabararsu ita ce ƙara sinadarin amin domin tsawaita sarƙoƙin, saƙar ta ɗan saki. Gautsin ya ragu, amma sai an narkar da rezin ɗin cikin ruwan sinadari mai wuyar ƙafewa, ragowarsa kuma kan bar kumfa a cikin kayan.

Gyaran da ya fi tasiri ya zo daga Ciba-Geigy na Suwizalan a shekarun 1980, cikin Matrimid 5292. Suka haɗa BMI da dayalil bisfenol A, wani ruwa mai kauri kamar zuma. Idan aka ɗumama su tare, garin BMI na narkewa a cikinsa ba tare da wani ruwan narkarwa ba, sannan lokacin gashi shi kansa ruwan ya shiga cikin saƙar. Cakuɗin kan daɗe yana kwarara, ana iya shimfiɗa shi a gasa a irin tukunyar matsi da ake gasa epoksi, sai a ƙara masa gashi na biyu tsakanin digiri 200 zuwa 250. Wannan batu na kayan aiki ba ƙarami ba ne, domin masana'anta ba ta son sayen sabuwar tukunya saboda rezin guda.

Akwai kuma zuba robobi masu narkewa, irin su polietaimid. Yayin gashi sukan ware su zama ƙananan ɗigo a cikin rezin, tsaga na zuwa kansu sai ta karkace ko ta tsaya. Farashin hakan shi ne cakuɗin kan yi kauri, ya ƙi shiga tsakanin zare. Roba mai taushi ma tana rage gautsi, sai dai tana rage jure zafin rezin ɗin, wato tana cin abin da aka sayi BMI dominsa. A fannin lantarki, Mitsubishi Gas Chemical na Japan ya haɗa BMI da wani rezin mai suna sayanet esta ya samar da rezin BT, wanda ake ɗora ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfutoci a kansa.

Inda zafi ya zarce ƙarfin BMI, ana komawa ga poliimid, rezin da ya fi shi jure zafi. A farkon shekarun 1970 cibiyar NASA ta Lewis da ke Cleveland ta fito da PMR-15, mai aiki har wajen digiri 300, aka yi da shi bututun iska na injin jirgin sama F404 na General Electric. Sai dai yana fitar da ruwa da metanol lokacin gashi, yana yin ƙananan tsaga idan ana zafafa shi ana sanyayawa, kuma MDA ɗin da ke cikinsa yana cutar da hanta, ana kuma zarginsa da jawo ciwon daji. A 1992 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tsaurara dokar mu'amala da MDA, abin da ya ƙara tura bincike zuwa rezin marasa shi, irin su PETI-5 na cibiyar NASA ta Langley.