Injin CNC

Injin CNC inji ne na yanka ko sassaƙa ƙarfe, katako ko roba, wanda kwamfuta ke sarrafa shi a madadin hannun ma'aikaci. A tsohon inji, mai aiki ne ke murɗa hannu yana duba awo. A wannan kuwa, kowane motsi an riga an rubuta shi da lambobi tun ba a ɗaura ƙarfen ba.

Asalinsa daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons na jihar Mishigan ya yi amfani da katuna masu huji wajen lissafa siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman ƙasar ta ba shi kwangila a 1949, sannan a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke karanta umarni daga tef mai huji. Sai a shekarun 1970, da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, tef ya fara ja da baya.

Iri biyu ne suka fi yawa. A ɗaya, ƙarfen ne ke juyawa wuƙa tana fere shi. A ɗayan, wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen na ɗaure a tebur. Shi wannan yana tafiya ta fuska uku: X hagu da dama, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Manyan injuna na da biyar, har da karkata wuƙa ko tebur.

Umarnin gajeru ne. G00 na nufin garzaya can ba tare da yanka ba, G01 yanka a miƙe, G02 yanka a lanƙwashe ta hannun agogo. M03 na sa wuƙa ta fara juyawa, M08 na sako ruwan sanyaya ta. In aka rubuta G01 X50 F200, an ce wa inji ya yanka ta fuskar X har milimita 50, da gudun milimita 200 a minti.

Sai dai inji ba shi da ido, kuma nan ne gwanintar ma'aikaci ta koma. Shi zai ɗaure ƙarfe da kyau, ya auna tsawon kowace wuƙa, ya nuna wa inji inda sifiri yake, wato wurin da duk awon zai fara. Kuskuren 'yan milimita a nan ya isa wuƙa ta dira kan maɗauri da cikakken gudu ta karye. Shi ya sa kan sabon aiki akan fara barin injin ya yi zagayensa a iska, sama da ƙarfen, mai aiki na tsaye da hannu a kan jan maɓallin tsayarwa.