Tagazut, garin masunta a Maroko: ga amsoshin, don Allah a huta da kira

Zuwana uku ke nan Tagazut, kuma duk dawowa sai waya ta hana ni sakat. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambayata abin da ke nan, wannan rubutun zan turo masa.

Ina ne Tagazut ɗin?

A kudu maso yammacin Maroko, bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 19 arewa da birnin Agadir. Ƙaramin garin masunta ne da ya jingina da tsauni. Su suna rubuta shi Taghazout, haka za ka nema a taswira.

Larabawa ne mutanen garin?

A'a. Wannan ce tambayar da ta fi ci mini rai, don har waɗanda suka je suka dawo suna cewa "Larabawan nan akwai kirki". Mutanen yankin Amazig ne, waɗanda Turawa ke kira Berber, kuma suna wannan ƙasa tun kafin Larabawa su iso da Musulunci. Reshensu na kudancin Maroko ana ce musu Shilha, harshensu Tashelhit. Sunan Agadir ma kalmarsu ce, tana nufin rumbun ajiya mai ganuwa.

Kada kuma wani ya ji Berber ya ce Barebari. Ba ruwansu da Kanuri. Idan dangi kake nema musu a wajenmu, Buzaye ne. Rubutun da za ka gani a allunan makarantu da ofisoshin gwamnati, mai da'ira da ɗigo da gicciye, shi ne Tifinag, wanda aka sabunta daga na Buzaye, kuma duk wanda ya zauna Agadas ya san kamanninsa. Tun 2011 tsarin mulkin Maroko ya sa harshen Amazig cikin harsunan hukuma tare da Larabci, daga 2024 kuma sabuwar shekararsu, 14 ga Janairu, ta zama ranar hutu a ƙasar.

To da wane yare zan yi magana?

Sallama tana aiki ko'ina. Mutanen Nijar da Kamaru da Cadi sun huta, Faransanci na biyan buƙata. Samarin garin sun iya Ingilishi saboda baƙi. Malamanmu masu Larabcin littafi za a gane ku, ku ne dai za ku sha wahalar gane amsar, don Larabcin Maroko a guje yake tafiya. Ka riƙe kalmomi uku na Tashelhit: tanmmirt na gode, aman ruwa, agrum burodi. Ka ce wa mai shago tanmmirt ka ga yadda fuskarsa za ta sake.

Yaya ake zuwa?

Jirgi zuwa Kasablanka, daga nan ka shiga na cikin gida zuwa Agadir. Daga filin jirgin zuwa Tagazut bai kai awa guda a mota ba idan hanya ta buɗe. Mai son rage kuɗi ya hau jirgin ƙasa zuwa Marakesh, nan layin dogo ya ƙare, sai bas ta kai shi Agadir cikin awa uku da 'yan kai. A cikin Agadir ƙananan tasi masu ruwan lemo ba sa fita gari. Ka nemi babbar tasi ta haɗaka mai ɗaukar mutum shida, ko bas ɗin da ke bin gaɓa.

Biza fa?

Mai fasfon Najeriya yana buƙata. Sauran ƙasashe kowa da tsarinsa, kuma yana canzawa. Ofishin jakadancin Maroko za ka tambaya, ba ni ba, ba kuma wani ɗan uwanka da ya je shekara biyar da suka wuce ba.

Suna karɓar naira ko sefa?

Haba Malam. Dirhami ne kuɗinsu. Ka tafi da yuro ko dala ka canza a filin jirgi ko Agadir, ka riƙe canji a aljihu. Masunci ba ya karɓar kati.

Sallah ba matsala?

Kwantar da hankalinka, nan ne ma za ka ji kamar kana gida. Malikawa ne, da yawansu sadalu suke yi, karatunsu kuma Warshu ne, irin na allonmu. Bayan Asuba da Magariba jama'a kan zauna a masallaci su karanta hizbi tare da murya ɗaya. Ranar farko da na ji, kasa tashi na yi. Sai dai akan rufe masallatai tsakanin salloli, don haka kada ka makara ka ce an hana ka shiga. Masu ziyarar Shehu Tijjani kuma, Fas ba kusa take ba, can arewa ce, tafiyar yini ce cur. Ku daina ce mini za ku "leƙa" Tagazut da yamma daga Fas.

Me ake ci?

Kifi mana, garin masunta za ka. Ka tashi da wuri ka sauka gaɓar da ke tsakiyar gari, inda ake jere jiragen katako shuɗaye a kan rairayi. Masuntan sukan fita da duhu, su dawo da hantsi ko wajen azahar, gwargwadon yadda teku ya yarda. Jirgi na taɓa ƙasa za ka ga mutane sun taru a kansa, an sauke akwatuna, wani dattijo ya tsuguna yana fede kifi da wuƙar da wasawa ta cinye rabinta, kyanwoyi sun kewaye shi suna jiran kayan ciki, tsuntsayen teku na ihu a sama. Sardin ɗin da muka sani a gwangwani, a nan sabo ne, ana gasa shi a kan gawayi da gishiri kawai, a ci da burodi da hannu. Tun da na ci wannan, na gwangwani ya fita daga raina.

Akwai tajin, wato kifi ko nama da kayan lambu da ake dafawa a kaskon ƙasa mai murfi mai tsini. Ranar Juma'a kuskus. Shayi da na'ana'a, sukari kamar ba gobe. Mai son yaji ya tafi da nasa, barkononsu wasa ne.

Zan iya sayen kifi kai tsaye wajen masunta?

Za ka iya, idan ba a riga an yi wa masu gidajen abinci alkawarinsa ba. Ka taya sau ɗaya, sau biyu, ka biya. Mutumin da ya kwana a kan ruwan sanyi ba shi za ka nuna wa ƙwarewarka ta Kantin Kwari ba.

Zan iya shiga tekun in yi wanka? Ai na iya ruwa.

To, nan ne zan tsaya, don amsar ba e ba ce, ba kuma a'a ba. Ya danganta da wata, da awa, da wurin da ka tsaya, da kuma abin da kake nufi da "na iya ruwa". Yawancinmu a kogi ko kududdufi ko dam muka koya. Kogi ka san inda ya nufa. Teku yana tura ka gaba, ya janye ka baya, a lokaci guda yana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Ruwan da sanyi, ko da rana na ƙuna. Wani ruwan sanyi ne ke gangarowa ta wannan gaɓa daga arewa, shi ya sa masu hawan igiyar ruwa ke sa rigar roba har wuya. Jikin da ya saba da zafin Sakkwato zai iya ƙagewa cikin mintuna kaɗan, kuma ƙafar da ta ƙage ba ta iyo.

Sannan tekun yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kusan kowace awa shida ya juya, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti hamsin kullum. Dutsen da ka zauna a kai jiya da la'asar kana ɗaukar hoto, wata rana da la'asar ruwa ya rufe shi. Ni kaina na taɓa barin takalmi da hula nesa da ruwa, a ganina, na je shan shayi. Hular dai har yau.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne zirin ruwan da ke komawa cikin teku da ƙarfi. Mugun abu ne don kama yake yi da wuri mai lafiya: gefe da gefe igiyoyi na fashewa da kumfa, shi kuma tsakiya lumui, launinsa ya ɗan fi duhu. Baƙo sai ya zaɓi nan. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu a gan ka, idan da ƙarfi ka yi iyo a kaikaice, ta gefen da gaɓa ta miƙe, har ka fita daga zirin. Faɗa da baki da sauƙi, na sani. Wanda tsoro ya kama ba ya tuna karatu, shi ya sa na fi son kada ma ka kai ga gwadawa.

Daga Oktoba zuwa Maris igiyoyin manya ne, abin da ke kawo Turawa da allunansu na hawan igiyar ruwa ke nan. A wannan lokacin, ni dai a shawarata, iyakarka gwiwa. Da bazararsu, wajen Yuli da Agusta, ruwan ya fi kwanciya, iyalan Maroko sun cika gaɓa, kuma a manyan wuraren wanka akan sa masu ceto da tuta. Ja na nufin kada a shiga. Amma ban ce kullum lafiya ba, ban kuma ce ko'ina akwai mai ceto ba. Wuraren da ake kira Anchor Point da Killer Point duwatsu ne, na ƙwararrun masu allo ne, kai naka kallo. A cikin duwatsun ma akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, idan ka taka ta ƙayar karyewa take yi a cikin tafin ƙafa.

Don haka idan ka nace: rairayi mai faɗi, inda mutanen gari ke wanka da 'ya'yansu, da rana tsaka, ba kai kaɗai ba, ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka tambayi masunci ko mai koyar da hawan allo kafin ka shiga, idan ya girgiza kai ka koma ka zauna. Hajiya, doguwar riga idan ta jiƙe nauyi take yi, tana naɗe ƙafa, ki tsaya inda igiya ke ƙarewa. Yara kuwa a riƙe hannunsu. Ban ce a sa musu ido ba, a riƙe na ce.

An ce akwai tsiraici. Gaskiya ne?

A bakin ruwa za ka ga Turawa da kayan wanka. Gefensu kuma matan gari ne da jallabiya da lulluɓi, sun shimfiɗa tabarma suna zuba shayi. Baƙin Turai sun fara sauka garin tun wajen shekarun 1960 da 1970, kuma hayar ɗaki da allo ta zama abincin gidaje da yawa. Ba kai aka aiko ka gyara su ba. Ka kau da kai. Idan abin zai dame ka sosai, ka kwana a Awrir, wani gari da ke kusa, inda ake sayar da ayaba a bakin titi, ka riƙa zuwa da sassafe.

A ina zan sauka?

Kudu da gari an gina manyan otal da filin golf, ana kiran wurin Taghazout Bay. Yana da kyau, yana da tsada, amma wanda ya kwana can bai kwana a garin masunta ba. A cikin gari akwai ɗakunan haya a gidajen mutane. Lunguna ne masu hawa da matakala, mai ciwon gwiwa ya tambaya kafin ya biya. Akwai karnuka suna yawo, yawancinsu ba ruwansu da kowa, kada dai ka yi gudu.

Zan iya ɗaukar mutane hoto?

Ka tambaya. Mata da dattawa galibi ba sa so. Kai za ka so baƙo ya ɗauki mahaifiyarka tana daka ya watsa a Facebook?

Awakin nan da ke hawa bishiya fa?

Suna hawa, bishiyar argan ce, 'ya'yanta suke ci. Amma idan ka ga goma sun jeru a kan reshe a bakin titi kamar 'yan makaranta, da mutum a ƙasa yana miƙa hannu, ɗora su aka yi. Kada ka biya.

Wace tsaraba zan kawo?

Man argan. Bishiyar ta wannan yankin ce, har UNESCO ta sa dajinta cikin wuraren da ake karewa a 1998. Mata ne ke fasa ƙwallon tsakanin duwatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, don haka mai na gaske ba ya araha. Iri biyu ne: na ci an soya ƙwayar, yana ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa, na shafawa ba a soya ba. Ka saya wajen ƙungiyoyin mata masu sarrafa shi. Akwai kuma amlu, niƙaƙƙen almon da zuma da man argan, ana dangwala da burodi. Ka ɗaure murfin da leda, ka sa a babbar jaka, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da shi a hannu ba.

Kwana nawa ya isa?

Uku. Huɗu idan za ka hau tsauni ka ga kwarin dabino da Turawa ke kira Paradise Valley, amma ka tambaya ko da ruwa a cikinsa, don shekarun fari sukan bar shi ƙayau.