Tallafin al'umma daga kantunan gama kai

Tallafin al'umma daga kantunan gama kai kuɗi ne da ƙungiyar gama kai mai sayar da kayan masarufi take cirewa daga ribarta, ta bai wa ƙungiyoyin sa kai na unguwar da take kasuwanci, ba tare da a mayar mata ba. Masu irin wannan kanti su ne masu sayayya a cikinsa. Kowane memba yana da hannun jari, kuma ƙuri'a ɗaya yake da ita komai yawan kuɗinsa. Don haka duk abin da aka ba makarantar marayu ko ƙungiyar tsabtace unguwa, daga cinikin shinkafa da mai da sabulun membobi ya fito.

Asali

Ana danganta tsarin da garin Rochdale na Ingila, inda mutum 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe ƙaramin kanti a watan Disamba na 1844 suna sayar da fulawa, sukari, man shanu da kyandir. Rarar kuɗi ana raba ta gwargwadon sayayyar kowa. Daga baya suka riƙa ware kashi 2.5 cikin ɗari na riba don ilimi, kuma nan ne al'adar kashe wani kaso a kan amfanin jama'a ta samo tushe. Ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya, wanda aka kafa a 1895, ya amince da ƙa'idoji bakwai a taronsa na Manchester a 1995. Ta bakwai ita ce kula da al'umma.

Yadda ake tara kuɗin da raba shi

Hanyar da aka fi sani ita ce babban taron shekara ya yanke kason da za a ware. A Amurka kantuna da dama suna tambayar mai saye ko zai bar 'yan canjinsa, a ƙarshen wata a tara a miƙa wa ƙungiyar da aka zaɓa. Wasu kuma suna zuba kuɗin a asusu na dindindin, ribarsa kawai ake rabawa. A Birtaniya, ƙungiyar gama kai mai suna Co-op ta fara asusun tallafa wa unguwanni a 2016, membobi ne ke zaɓar aikin da suke so a tallafa wa.

Mai neman tallafi yakan cika takarda, ya bayyana aikin da kuɗin da zai ci, sannan kwamiti ya tantance. Kuɗin ba ya da yawa, amma yana kaiwa ga ƙananan ƙungiyoyin da manyan masu ba da agaji ba su ma san da su ba, kuma wannan shi ne babban amfaninsa.

A Ghana

Ƙarfin gama kai a Ghana ya fi karkata ga noma da ajiyar kuɗi. An kafa ƙungiyar ajiya da bashi ta farko a Jirapa a 1955, kuma dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1968 ce ta tsara yi musu rajista. Misali mafi kusa da wannan tallafi shi ne Kuapa Kokoo, ƙungiyar manoman koko da aka kafa a 1993 mai hedkwata a Kumasi, wadda ke amfani da ƙarin kuɗin da masu sayen koko ke biya a ƙarƙashin tsarin cinikin adalci na Fairtrade wajen haƙa rijiyoyin burtsatse da gina ajujuwa a ƙauyukan membobinta.

A zangonni irin su Nima, Mamobi da Sabon Zango a Accra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, tara kuɗi don taimakon juna daɗaɗɗen abu ne. Akwai adashi, wanda a nan ake kira susu, akwai kuma karo-karon mahauta da 'yan albasa da masu hatsi idan wani ya rasu ko an tashi gyaran masallaci. Abin da kantin gama kai ya ƙara a kan wannan shi ne rubutacciyar ƙa'ida: kaso sananne, lokaci sananne, da rahoton da ake karantawa a gaban kowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardu. Masu ba da tallafi kan nemi shaidar rajista da asusun banki da sunan ƙungiya, alhali makarantun allo da ƙungiyoyin mata da yawa, masu aikin gaske, amana kawai ke riƙe da su. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, ƙungiyar da ba ta neman riba tana iya yin rajista a matsayin kamfanin da ba a raba ribarsa ga membobi, kuma wannan takarda ce akan fara tambaya kafin a duba buƙata.