Manoma da masu lambu, a bar wa tsuntsaye rabonsu

Salamu alaikum jama'a. Ni malamin gona ne, kuma akwai abin da nake gani duk kaka yana damuna. Da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai kowa ya hau gefen gona da bayan gida da lauje, wani ya feshe da maganin ciyawa, wani ma ashana kawai zai ƙyasta, wai tsafta. Alhali lokacin ne harkiya da komayya da guɗe-guɗe da kyasuwa suke zuba iri, haka zaƙi-banza da gasaya, kuma irin nan shi ne abincin kurciya da baiwar Allah da asisi da fakara har wajen Mayu ko Yuni da sabon ruwa zai sauka, wata bakwai fa ba wasa ba.

Na san me za ku ce, malam so kake ka tara mana jan-baki su cinye gero. Wallahi na san zafin jan-baki, na ga gonar shinkafa da suka gama da ita, mai gonar ya zauna ya rasa ta cewa. Amma su garke ne na dubbai, kwanansu can cikin kachala da ƙayoyin fadama kamar yankin Haɗeja da Nguru, ba ɗan taku biyar na ciyawa a bayan dangarka ke kiransu ba. Ƙananan nan na gida kuwa da yawansu idan sun yi ƙyanƙyasa da tsutsa da gara da ƙananan fara suke ciyar da 'ya'yansu, wato aikin feshi suke maka kyauta.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka zaɓi kusurwa ɗaya ko layin iyakar gona, nesa da ƙofar ɗaki saboda maciji, ka ƙyale ta ta yi fure ta bushe a tsaye, sai iri ya zube sannan ka yanka wa dabbobi. Ka aje kasko da ruwa a inuwa, a riƙa canzawa duk kwana biyu saboda sauro.

Banda wuta-wuta dai! Ita kam ko kana ganin furenta mai kyau ka tumɓuke tun bata yi iri ba ka ƙona, don irinta yana shekaru a ƙasa yana jiran dawarka.