Bangon gilashi a gida: tambayoyin da ake yawan yi kafin a fasa bango

Falona yana kallon tsauni, zan iya fasa bangon in sa gilashi daga ƙasa har sama?

Zaka iya, amma don Allah kar a ɗaga guduma sai injiniyan gini ya zo ya duba. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi ke riƙe da rufi ko benen sama, shi kuma gilashi komai kaurinsa ba a ɗora masa nauyin gini. In bangon mai ɗaukar nauyi ne dole a kafa bim, wato dogon ƙarfe ko kankare da ake gindayawa a sama ya ɗauki nauyin, da ginshiƙai gefe da gefe, a kuma bar ɗan sarari tsakanin bim ɗin da firem ɗin gilashin, domin gini yana ɗan motsi, in ya danne gilashin tsagewa zai yi. Shi kansa gilashin nauyi gare shi, murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 1 kilo 2.5 ne, kaga falle guda mai kaurin milimita 10, faɗi mita 2 tsayi mita 3, ya kai kilo 150 kenan.

Ɗakin ba zai yi zafi ba?

Nan fa nake so a tsaya a yi tunani sosai, don ni a ganina inda gilashin ke fuskanta ya fi tsadar gilashin muhimmanci. Bangon da ke kallon yamma shine mafi wahala, rana in ta karkata da la'asar tana shigowa ne a kwance har tsakiyar ɗaki, rumfa ko baranda basa tare ta, haka gabas ma da safe sai dai ita da sauƙi tunda gari bai ɗau zafi ba. Kudu da arewa sun fi daɗin sha'ani, ranar tsaka tana sama, ɗan rufi da ya fito waje ya isa ya yi inuwa. In abin da kake son kallo a yamma yake to ka nemi gilashi mai ruɓi biyu, wanda ake barin sararin milimita 12 zuwa 16 a tsakani a cika da iskar agon, wata iska mai rage wucewar zafi, mai ɗauke da wani siririn shafin ƙarfe da ke mayar da zafi, in ba haka ba na'urar sanyaya ɗaki zata yi ta aiki ba hutu kuma labule zai wuni a rufe, kaga kallon da aka kashe kuɗi dominsa ya tafi.

In ya fashe fa, ga yara a gida?

Gilashin taga na yau da kullum bai dace ba sam, fashewarsa kamar wuƙaƙe take. Akwai gasasshen gilashi da ake zafafawa sama da digiri 600 a sanyaya shi da sauri, ya ninka na yau da kullum ƙarfi kamar sau 4, in ya fashe rugurgujewa yake ƙanana ƙanana. Amma fa bayan an gasa shi baya yankuwa baya huduwa, saboda haka awo sai an yi shi daidai tun farko. Akwai kuma mai leda a tsakani irin gilashin gaban mota, ko ya tsage yana nan a manne, shi na fi so a bene.

Mutane zasu riƙa ganina daga waje?

Da dare eh. Ko gilashin nan mai kamar madubi ne, da zarar an kunna fitila ciki ya fi waje haske shikenan ya juya, na waje ke ganinka kai baka ganinsa. Dakta Edith Farnsworth, wadda mai zanen gine-gine Mies van der Rohe ya zana wa shahararren gidan gilashi a jihar Illinois ta Amurka aka gama a 1951, ita da kanta ta koka da rashin sirri a cikinsa. A tanadi wurin labule tun a zanen gida.

Tsuntsaye fa?

Suna karo da shi kam, bishiya da sararin sama suke gani a jiki. Ɗige ɗige ko layuka kusa da juna a fuskar waje suna rage hakan sosai.