Mataimakin nas mai shaidar aiki a Amurka

Mataimakin nas mai shaidar aiki, wanda ake taƙaita sunansa da CNA, ma'aikacin jinya ne da ke kula da majinyaci a ƙarƙashin kulawar nas. Shi ke yi masa wanka, ya ciyar da shi, ya raka shi banɗaki, ya juya shi a kan gado don kada kwanciya ta janyo masa gyambo. Yawancinsu mata ne, kuma a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci suka fi aiki.

Dokar tarayya ta 1987 ce ta kafa ƙa'idar horon: aƙalla sa'o'i 75, daga ciki 16 na gwajin aiki a gaban malami, sai jarrabawa, sannan a sa sunan mutum a rajistar jiharsa. Jihohi da dama sun ɗora a kan wannan adadi. Wanda ya yi wata 24 a jere bai yi aikin ba, sai ya sake jarrabawa.

Samun aikin ba wuya, domin 'yan ƙasar da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 duk za su kai shekara 65 nan da 2030, ga shi kuma ma'aikata na yawan barin aikin saboda ciwon baya da ƙarancin albashi. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin girma. A cikin sana'ar kanta matakan kaɗan ne: mutum na iya ƙara ɗan kwas ya zama mai raba magani, a jihohin da suka yarda da haka, ko ya koyi ɗibar jini ya koma asibiti. Ƙarin albashin bai taka kara ya karya ba.

Ci gaba na sosai sai an koma makaranta. Karatun kimanin shekara guda da cin jarrabawar NCLEX-PN na kai mutum matsayin ƙaramin nas, wato LPN, wanda ake kira LVN a Kalifoniya da Tekzas. Cikakken nas kuwa na buƙatar shekara biyu zuwa huɗu da jarrabawar NCLEX-RN. A ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta 2023, matsakaicin albashin mataimaki ya kai kimanin dala 38,000 a shekara, na ƙaramin nas kusan 60,000, na cikakken nas kimanin 86,000. Wasu asibitoci kan biya wa ma'aikaci kuɗin karatun, bisa sharaɗin ya yi musu aiki na wani lokaci bayan ya gama.