Kai Saƙon Ƙanjamau Ruga: Sai da Ardo, Sai da Ungozoma

Ranar da na fara zuwa wata ruga da maganar ƙanjamau, na share kusan awa guda ina zuba bayani da Hausa, mata suna ta cewa "to, to". Sai da na gama wata dattijuwa ta juya ta tambayi jikarta da Fulatanci me baƙuwar nan take sayarwa. Fastocin liƙawa a bango da na kai kuwa, na Turanci ne, washegari na tarar an naɗe ƙosai da su.

Tun 1986 aka ba da rahoton cutar a Najeriya, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 na ɗauke da ƙwayar. Amma har yau akwai rugage da ƙauyukan Kambari da Dakarkari da saƙon ke isa da harshen da uwar gida ba ta ji sosai.

Abokan aikin wayar da kai, a fara da gaishe da ardo ko mai gari. Kada a je da hantsi: maza sun kora shanu, mata sun tafi tallan nono. A bari sai la'asar sakaliya, ko ranar rigakafin dabbobi. A raba zaman maza da na mata, don ba Bafulatanar da za ta buɗe baki kan zancen shimfiɗa a gaban surukinta. Ko ni sai na yi ta kewaye-kewaye.

Wanzami da ungozoma su ne malaman gaske, a jawo su jiki. A tabbatar wanzami ya san aska ɗaya ba ta yi wa yara biyu kaciya, reza sabuwa ga kowane kai, haka wajen ƙaho da cire belu. Ungozoma ta tura mai ciki awo, domin uwa na iya sa wa jariri a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono, kuma magani na tare wannan.

Tambayar da ba a rasa ji ita ce ta sauro. Sauro ba ya yaɗa ta, haka cin tuwo a kwano ɗaya ko gaisawa.

Gwaji ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako, kuma sirri ne. Wanda aka samu da ita, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kullum ake sha. Idan lokacin tashi mashekari ya zo, wato ƙaura da shanu, ya faɗa wa ma'aikacin asibiti tun da wuri, a ba shi na watanni da takardar karɓa a inda za su sauka.